Daga ubangida zuwa mai saurare: tarihin son makaɗi a ƙasar Ƙwanni da Adar

0. Gabatarwa

A garuruwan da ke kan hanyar Ƙwanni zuwa Tawa, musamman Badagishiri da ƙauyukan da ke cin kasuwarta, akwai wata al'ada da kowa ya sani amma ba a cika tsayawa a yi nazarinta ba: ana sanin mutum da makaɗin da yake so. Idan aka ambaci wani dattijo, sai a ce ai mutumin Narambaɗa ne. Idan aka ambaci wani direba, sai a ce wannan in ba Shata ba, ba a jin kowa a motarsa. Wani ma sunan makaɗin yakan bi shi har ya danne sunansa na yanka. Makaɗan da ake magana a kansu kuwa galibinsu sun daɗe da rasuwa, kuma da yawa daga cikin masu son nasu ba su taɓa ganinsu ido da ido ba.

A cikin wannan ƙasida muna son mu nuna cewa wannan al'ada tana da tarihi, kuma tarihin nata bai yi nisa ba. Kafin zuwan rediyo, ba mai saurare ne ke zaɓen makaɗi ba. Haihuwa da sana'a da sarauta su ne ke raba wa kowa kiɗansa. Sai da waƙa ta rabu da wurin da aka yi ta, ta shiga faifai da akwatin rediyo da kaset, sa'an nan aka sami mutumin da yake son makaɗi alhali ba a taɓa yi masa waƙa ba. Za mu bi wannan sauyi mataki-mataki a gundumomin Ƙwanni da Malbaza da Ilela na jihar Tawa, mu kwatanta shi da abin da ya faru a Turai, daga ƙarshe mu faɗi dalilin da ya sa ya kamata masu nazarin harshe su damu da waɗannan mutane.

1. Batun kalmomi

Wanda ya yi karatu da Faransanci yakan zo wa wannan batu da kalmomi uku da ba su da takwarori kai tsaye a Hausa, wato «classique» da «compositeur» da «mélomane». Dole ne mu daidaita su tukuna.

Ta farko tana nufin aikin da ya wuce zamanin mai shi har aka mai da shi ma'auni. Kalmar «gargajiya» ba ta wadatar a nan ba, don kuwa ta haɗa kowane kiɗa da aka gada, daga na fada har na ƴanmata a dandali. Abin da Bahaushe yake faɗa shi ne «manyan makaɗa» ko «makaɗan dauri». Akwai kuma kalmar «bakandamiya», sunan da ake ba waƙar da ta fi kowace a cikin waƙoƙin makaɗi guda: Narambaɗa yana da tasa, Shata ma yana da tasa. Samuwar wannan kalma shaida ce cewa Hausawa suna jera waƙoƙi daraja-daraja tun kafin jami'a ta fara karantar da su. Mu za mu riƙe «manyan makaɗa».

Game da ta biyu, a Turai wanda ya tsara kiɗa yana iya zama daban da wanda ya kaɗa shi, domin takarda ce ke tsakaninsu. A ƙasar Hausa kuwa makaɗi shi ne mai ƙulla waƙa, shi ne mai rera ta. A kiɗan fada ma ƴan amshi, waɗanda mutanen yamma ke kira ƴan karɓi, suna da hannu a cikin ƙullin: jagora ya kafa gindin waƙa, ya ɗauko ɗa, su karɓe su ƙarasa. Saboda haka wanda ya ce yana son Ɗanƙwairo, murya yake so da ƙungiya da amon kotso a dunƙule.

Ta uku ita ce ta fi jan hankalin mai nazarin harshe. Hausa ba ta ƙirƙiri suna guda na mai son kiɗa ba, sai ta bi ta hanyar nahawu. Mun lura da sigogi huɗu:

(a) ɗan ko ƴan da sunan makaɗi: ƴan Shata;
(b) na ko ta da sunan makaɗi: wane na Narambaɗa;
(c) mutumin ko mutuniyar da sunan makaɗi: mutuniyar Barmani;
(d) laƙabi kai tsaye, inda ake kiran mutum da sunan makaɗin kansa.

Sigogi ukun farko tsofaffi ne, kuma na barantaka ne: da su ake cewa wane na sarki ne, wane mutumin galadima ne. A dā makaɗi ne yake zama «na wane», har wani ba a san shi da komai ba sai muƙaminsa a ƙofar ubangidansa, kamar Sarkin Taushin Sarkin Katsina. Yanzu mai saurare ne ya zama «na makaɗi». Ginin jimlar bai sake ba, waɗanda ke cikinsa ne suka yi musanyar wuri. Wannan musanya ita ce tarihin da muke son bayarwa.

2. Zamanin da kowane kiɗa yake da mai shi

Ƙasar da muke magana a kanta mahaɗa ce. Daga kudu akwai Ƙwanni, wadda ta zauna a inuwar Gobir, daga baya a inuwar Sakkwato. Daga arewa akwai Adar, wadda gidan sarautarta ya samo asali daga Agabba ɗan sarkin Agadas, kuma Sarkin Adar yana zaune a Ilela. Djibo Hamani ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa. Badagishiri tana cikin kwari a tsakanin waɗannan sassa biyu, kasuwarta kuwa tana haɗa manomi da makiyayi da falke.

A wannan ƙasa, kamar sauran ƙasar Hausa, kiɗa rababbe ne. Tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi na sarakai ne da masu sarauta. Kalangu na mahauta ne, shi ke shaida wa gari cewa an yi yanka. Manoma suna da gangar noma da ake kaɗa musu ranar gayya. Maharba suna da nasu, ƴan dambe da ƴan kokowa suna da nasu. Goge da ƙwarya suna tafiya da bori, wanda Nicole Echard ta yi shekaru tana nazarinsa a Adar. Kowane mai suna a cikin waɗannan rukunoni yana da takensa, wanda in an kaɗa shi ya san da shi ake, ko da ba a buɗe baki ba.

A cikin irin wannan tsari tambayar «wane makaɗi kake so?» ba ta da wurin zama. Ɗan mahauci an haife shi ne a cikin kalangu. Talaka yana iya jin kotso daga nesa ranar salla, ya ji daɗinsa, amma ya san ba da shi ake ba, kuma ba shi da hanyar da zai sake jin waƙar sai wata sallar. Makaɗin fada shi ma ba ɗan kansa ba ne: ubangida ke ba shi gida da doki da sutura da hatsi, kuma bisa al'ada sai da izininsa zai tafi yawon kiɗa wata fada. M. G. Smith, a maƙalarsa ta 1957 kan roƙo, ya nuna cewa yabon maroƙa yana tafe ne kafaɗa da kafaɗa da matsayin mutane a cikin al'umma. Abin da ya gani a ƙasar Zazzau ya dace da abin da aka sani a nan.

Wannan ba ya nufin mutanen dā ba su san gwani ba. Sun san shi sarai, shi ya sa sarakai ke gasar mallakar makaɗi. Amma sanin gwani daban, mallakar waƙarsa daban. Waƙa a lokacin aukuwa ce: tana da rana, tana da wuri, tana da wanda aka yi wa.

3. Iyaka, rediyo da kaset

A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙwanni ta yi kisan da har yau ba a manta ba. A 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi ƙasa aka shata iyaka, Ƙwanni ta faɗa hannun Faransa, Sakkwato da ke ƙasa da kilomita 100 daga gare ta ta faɗa hannun Ingila. Har ma aka wayi gari da Ilela biyu, ɗaya a Adar, ɗaya a bakin iyaka ta ɓangaren Nijeriya. Iyakar ta raba haraji da harshen lakwal, amma ba ta raba kunne ba. Manyan fadojin da ke iya ɗaukar nauyin ƙungiyar makaɗa, irin su Sakkwato da Isa da Maradun da Argungu da Katsina, yawancinsu sun kasance a kudancin layin. Ƴan ci-rani na Adar kuwa, waɗanda ke sauka kudu bayan kaka su komo da faɗuwar damina, su ne suka fara kawo labarin waɗannan makaɗa da guntayen waƙoƙinsu a baki.

Abu na biyu shi ne rediyo. An buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai a 1958, wanda daga baya ya ɗauki sunan Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri tare su tattauna. A wannan shekara ta 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, wanda muryarsa ke isa ko'ina a ƙasar Hausa. Gidan Kaduna ya tara waƙoƙin makaɗan fada da na jama'a masu yawa, ya yi ta saka su dare da rana. Ta haka manomin da bai taɓa taka ƙofar fadar Isa ba ya ji waƙar da aka yi wa Sarkin Gobir Amadu, ya sake jinta, har ya hardace ta. Shirin «Zaɓi Sonka» ya ƙara wani abu: mai saurare ya aika takarda, a karanta sunansa da garinsa tare da sunan makaɗin da ya zaɓa. A ganinmu a nan ne aka fara haɗa sunan talaka da sunan makaɗi a bainar jama'a, ba tare da ya ba da doki ko riga ba.

Abu na uku shi ne kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma sai a shekarun 1970 ya bazu a nan, lokacin da kuɗin man fetur ya cika kasuwannin Nijeriya da kaya, fari na 1973 da na 1984 kuma ya ƙara tura samari ci-rani. Rediyo mai kaset ta shiga cikin tsarabar da ɗan ci-rani ke alfahari da ita. Rediyo tana ba ka abin da ma'aikacinta ya zaɓa. Kaset kuwa kai ke saye, kai ke maimaitawa, kai ke ba da aro ko ka hana. Direbobin da ke ɗaukar siminti daga Malbaza, da albasa daga Galmi, da dabbobi daga kasuwar Badagishiri, sun mai da motocinsu wurin saurare, fasinja kuwa ya san abin da zai ji tun kafin ya hau. Mai shayi da tela da mai gyaran rediyo su ma kowa da abin da aka san rumfarsa da shi. An rufe iyakar Nijeriya daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta a 2019 da 2023, amma babu rufewar da ta tsai da waƙa.

4. Makaɗa da mutanensu

Daga cikin ɗimbin makaɗan da rediyo ta saka, kaɗan ne suka zama waɗanda ake sanin mutum da su.

Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Isa, makaɗin kotso ne na Sarkin Gobir Amadu, kuma ya rasu a farkon shekarun 1960, wato daidai lokacin da rediyo ke shiga ƙauyuka. Yawancin masu sonsa bayan rasuwarsa suka san shi. Ana danganta asalin mahaifinsa da Filinge ta Nijar, kuma ɗaya daga cikin sanannun waƙoƙinsa ta wani doki ce mai suna Ɗanhilinge. Mai son Narambaɗa yakan zama mutum mai son zurfin magana: karin magana, habaici, da hoton da sai an yi tunani kafin a gane shi.

Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, shi ma kotso yake kaɗawa, kuma ya gaji kiɗan noma da na fada daga gidansu. Waƙoƙin da ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello kafin kisansa a 1966 sun kai sunansa inda kiɗan fada bai saba zuwa ba. Masu sonsa sukan yaba tsarin karɓin ƴan amshinsa, yadda muryoyi ke shiga juna ba tare da karo ba. A wannan layi ne kuma ake samun masu son Salihu Jankiɗi, makaɗin taushi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Aliyu Ɗandawo, da Sa'idu Faru wanda ya yi wa Muhammadu Macciɗo waƙa tun yana Sarkin Kudu.

Mamman Shata (1923-1999), haifaffen Musawa ta ƙasar Katsina, hanyarsa daban ce. Ya ɗauki kalangu, kayan kiɗan da ba na fada ba, ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da soja da mace mai zaman kanta, bai zauna a ƙofar ubangida guda ba. Shi ne makaɗin da ya fi dacewa da sabon zamanin tasha da hanya da bariki. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kansa a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mai waƙar noma da dambe, wanda ya ɗaukaka sunan Shago, yana da mutanensa a cikin manoma da mahauta. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa shi kaɗai, ya yi waƙar karen mota da sauran ƙananan ma'aikata. A cikin gida kuwa, inda nazari bai cika leƙawa ba, mata suna da Barmani Coge ta Funtuwa, mai kiɗan amada, wadda ta rasu a 2013.

Abu biyu za mu lura da su. Na farko, tsohon rabo bai ɓace gaba ɗaya ba: har yanzu sana'a da gida suna jan kunne. Sai dai yanzu ƙofa a buɗe take, ɗan mahauci yana iya zama mutumin Narambaɗa ba wanda zai ce ya yi shisshigi. Na biyu shi ne karin harshe. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan'anace da Hausar yamma suke waƙa: «munka» da «sunka» a madadin «muka» da «suka», «na» da «ta» a madadin «ne» da «ce», «ɗiya» a madadin «ƴaƴa», «hwada» a madadin «fada». Waɗannan siffofi su ne na bakin mutanen Ƙwanni da Adar, kamar yadda ake gani a nahawun Hausar Adar da Bernard Caron ya wallafa a 1991. Abin da ɗalibin Kano yake buƙatar a fassara masa, tsohuwar Badagishiri da shi take kiran jikanta. Mutumin nan in ya saurari Narambaɗa, Hausar gidansu yake ji an ɗaga ta zuwa fada.

5. Abin da ya faru a Turai

Kwatanci da Turai yana da amfani, muddin ba a mai da shi ma'auni ba. Can ma makaɗi bara ne a farko. Haidin ya shiga hidimar gidan sarautar Estarhazi a 1761, ya yi kusan shekara 30 yana tsara kiɗa bisa umurnin ubangidansa, yana sanye da tufafin ma'aikatan gidan. Mozar ya bar hidimar babban limamin Kirista na Salzbur a 1781 ya koma Viyana neman na kansa. Bambancin da ke tsakanin mutanen nan biyu ya yi kama da wanda ke tsakanin Narambaɗa da Shata.

Jerin manyan makaɗan Turai shi ma daga baya aka gina shi. Bak ya rasu a 1750, jama'a suka kusa mantawa da manyan ayyukansa na coci, sai a 1829 Mendelson ya sake gabatar da ɗaya daga cikinsu a Barlin. A 1828 aka kafa wata ƙungiyar makaɗa a Paris wadda ta sa Faransawa suka saba da kiɗan Betoben, shekara guda bayan rasuwarsa. A 1885 masu son Wagna a Paris har mujalla suka buɗe don shi kaɗai. Wato can ma sai da kiɗa ya fita daga gidan ubangida, ya sami wurin da ake maimaita shi, sa'an nan aka sami mutumin da ake kira da sunan makaɗinsa.

Inda aka rabu shi ne wajen ajiya. Turai ta ajiye kiɗanta a takarda, don haka wanda aka manta ana iya tono shi bayan shekara 80. A nan abin da na'ura ba ta ɗauka ba, kuma ƴaƴan makaɗi ba su riƙe ba, ya tafi ke nan.

6. Waɗanda na'ura ba ta ɗauka ba

Duk sunayen da muka jera a sashe na 4 daga kudancin iyaka suke. Wannan ba hukuncin gwaninta ba ne, sakamakon tarihi ne: can ne manyan fadoji suke, can ne kamfanonin faifai da babban gidan rediyo suke. Fadar Ilela da ta Ƙwanni da gidajen sarakunan kanto suna da makaɗansu, kowane gari yana da makaɗan noma da zabiyoyi, amma kaɗan ne daga cikinsu suka tsaya gaban na'urar ɗaukar magana.

Nijar ta yi nata ƙoƙari. Muryar Sahel ta yaɗa Mazo ɗan Alalo na fadar Damagaram. Gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, ta ɗaukaka makaɗan kokowa irin su Sagalo, har suka sami masoya a kowace jiha. A 1987 aka ƙirƙiro gasar kiɗa mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, shahararren makaɗin ƙasar Tawa. Mahaman Garba ya gabatar da kundinsa kan kiɗan Hausawan Nijar a Strasbur a 1992. Amma abin lura shi ne, gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani ce: an ɗaukaka sunan mutumin, aikin rubuta waƙoƙinsa da yi musu sharhi kuwa bai kai na takwarorinsa na kudu ba, waɗanda Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibai da dama a Kano da Sakkwato da Zariya suka yi wa littattafai da kundaye.

Daga shekarun 1990 abubuwa sun ƙara sauyawa. Waƙoƙin fina-finan Kano da ake yi da fiyano sun ja kunnen matasa. Wa'azin wasu malamai a kan kiɗa ya sa wasu dattawa sun rage saurare a fili. Kaset ya ba da wuri ga salula da ɗan katin ajiya, wanda ake cika wa mutum da ɗaruruwan waƙoƙi a kasuwa da kuɗi kaɗan. Ta wani gefe wannan alheri ne, domin ba a taɓa samun lokacin da waƙoƙin manyan makaɗa suka yi araha kamar yanzu ba. Ta wani gefen kuwa waƙar tana zuwa tsirara: ba shekara, ba wuri, sau da yawa ba sunan wanda aka yi wa, wani lokaci ma da sunan makaɗin da ba shi ya yi ta ba.

7. Mai son makaɗi a matsayin ma'ajin harshe

A nan ne mutanen da muka fara da su suke da muhimmanci. Wanda aka sani da Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ba saurare kaɗai yake yi ba. Shi ake tambaya in an yi gardama a kan wata kalma. Ya san wanda ake yi wa habaici a ɗa kaza, da rikicin sarautar da ya jawo zambon. Ya san bambancin lifidi da sulke, ya san sunayen launin dawaki da kayan hawansu, ya san jerin sarautu da wanda ke gaba da wani. Mai son Ɗan'anace ya san kalmomin dambe da na gona waɗanda ɗan lakwal bai taɓa ji ba. Musun da suke yi a tsakaninsu a rumfar mai shayi, kan ko wane ya fi wane, yana da ma'aunai sanannu: azanci, zurfin Hausa, saurin ƙulli, iya habaici, daɗin karɓi. Wannan tarke ne na adabi, ko da yake ba a rubuce yake ba.

Wannan sani ba ya cikin faifai, ba ya cikin salula. Yana bakin mutanen da suka girma da rediyo da kaset, waɗanda yawancinsu yanzu sun manyanta. Kuma su ɗin nan su ne suka riƙe sunayen makaɗan gida da na'ura ba ta ɗauka ba, da guntayen waƙoƙinsu, domin mai kunnen waƙa ba ya tsayawa ga makaɗi guda ko da an san shi da guda.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, ɗaliban sashenmu da suka fito daga jihar Tawa su nemi irin waɗannan mutane a garuruwansu, su saurari waƙa tare da su, su ɗauki sharhinsu ɗa bayan ɗa. Ta biyu, a rubuta waƙoƙin da karin harshen da aka yi su, kada a mai da su Hausar Kano, domin gyaran yakan kashe kari ya ɓata ma'ana. Ta uku, a bi ma'ajiyar sauti ta gidan rediyon ƙasa da ta cibiyoyin bincike na Yamai, IRSH da CELHTO, a fitar da jerin abin da aka ɗauka daga Adar da Ƙwanni, a mai da kwafinsa ga gidajen rediyon karkara na yankin don mutanen wurin su ji su faɗi abin da suka sani a kai.

8. Kammalawa

Mun ga cewa sanin mutum da makaɗinsa ya biyo bayan rabuwar waƙa da ubangida, kuma rediyo da kaset da ci-rani ne suka kawo wannan rabuwa a ƙasar Ƙwanni da Adar tsakanin shekarun 1960 da 1980. Mun ga kuma cewa jerin manyan makaɗan da aka gada ya karkata kudu saboda inda na'ura ta kasance. Sarakan dā sun riƙe makaɗa da doki da hatsi. Bayan sarakan da makaɗan sun wuce, talakawan da suka hardace waƙoƙin su ne suka ci gaba da riƙon, ba tare da wani ya naɗa su ba. Aikin da ya rage wa jami'a shi ne ta je ta zauna a gabansu da alƙalami tun suna nan.